Babu Komai a Ciki

Rumfata tana bayan Gobarau,
inda inuwar hasumiya ke janye jiki da hantsi
ta bar ni da rana da warin jima.
Nan Baba ya yi shekara talatin da 'yan kai
yana ɗinka gafaka da tadarishi,
nan nake zaune, a kan buzun da ya bari.

Sai dai ni ba rubutun wasu nake yi wa riga ba.
Farar takarda nake saye, bandir guda,
in ninka ta huɗu-huɗu a kan cinya,
in danne karin da ƙashin haƙarƙari,
in huda da basilla, rami biyar, ba shida ba,
in ja zare cikin kakin zuma sai ya yi kuka.
Fatar akuya daga majema, ja wur da karan dafi,
ƙaro a jiƙe cikin gwangwanin madara,
sannan dutsen niƙan Inna ya kwana a kai.

Mai wucewa ya ɗaga, ya buɗe, ya juya:
"Me aka rubuta?"
Na ce babu.
"Dubu huɗu a kan babu?
Ga na kanti can, ɗari uku, har da layi."
Na ce a sauka lafiya, a gai da layi.

Amma babu tana da masu ita.
Mamuda tela ya ɗauki mai faɗi,
yana zana wuyan riga kafin ya taɓa shadda.
Iya Hajjo mai fura ba ta karatu,
jikarta ke rubuta mata masu bashi;
ta ce in sa maɗauri mai ƙarfi
kada sunan wani ya zame ya gudu.
Wani ɗan sanda ya sayi ƙarami, ya cusa a aljihu,
bai ce don me ba, ban tambaya ba.

Ran wata Laraba, bayan la'asar,
wata mata ta ajiye littafi a gabana,
bayansa a tsage, shafuka na zuba kamar ganyen bedi.
Na gane ɗinkin tun ban taɓa ba:
ƙulli biyu a ƙarshe, na hagu ya hau na dama.
Ashe Baba ya riga ni sayar da babu,
ni ina ta tinƙahon ni na fara.

"Sunana Turai. Ina 'yar makaranta
ya haɗa mini shi da ragowar takardu,
ko sisi bai karɓa ba.
Ka gyara, amma kar ka duba."

Na ɗauki alkawari. Da dare na kwance zare,
ido a kan allura, kunne a kan rediyo.
Iska ce ta ɗaga shafin,
ita za a tambaya ran gobe, ba ni ba.

Hannu biyu, da fensir.
Babu fuska, babu hula.
Manuniya a karkace inda basilla ta ci ta,
farcen babban yatsa a tsage har tsakiya,
zare a miƙe tsakani, kamar yanzu za a ja.
Shekara tara ina laluben muryarsa, ta ɓace mini,
ga hannunsa nan ko tsufa bai ƙara ba.

Na kai nawa kusa da fitila.
Karkacewar ta soma, ban sani ba.

Da safe ta dawo. Na miƙa, ta shafa bangon,
ta shinshina, ta ce, "Nawa?"
Na ce an riga an biya.
Ta dube ni, ta dubi hannuna, ta daɗe,
ta san na gani, ba ta ce komai ba.
Can ta ce, "Ba ni sabo, mai kauri.
Kai kuma ci gaba da ɗinkinka."
Ta gyara mayafi, ta zauna bakin benci,
ta ari askata tana feƙe fensir.